Saye ko Ƙira: Tarihin Bindigar Maharbi a Fadamar Haɗejiya

Duk wanda sha'awar farauta ta kama a ƙasar Haɗejiya, ko manomi ne a Guri, ko malamin makaranta a Kirikasamma, ko ɗan kasuwa a Malam Madori, tambayar farko da ke gabansa ita ce inda bindigarsa za ta fito. Ko dai ya tara kuɗi ya nemi ta kamfani mai cin harsashi, ko kuma ya je wurin maƙeri a ƙera masa ta gida, wadda ake ɗurawa ta baki, wadda mutane ke kira adaka ko harba-ka-ruga. Yawanci akan ɗauki wannan a matsayin maganar aljihu kawai, mai hali ya saya, marar hali ya ba da ƙira. Amma tambayar ta girmi kowane maharbi da ke raye a yau, domin sarakunan wannan yanki sun yi ta fama da ita tun kafin zuwan Turawa. Wanda ya bi tarihinta zai ga cewa abin da ya raba bindiga mai amfani da bindiga mai jawo masifa bai taɓa zama wurin da aka yi ta ba. Abubuwa uku ne suka raba su: ko akwai mai gyara ta a kusa, ko an tabbatar da ƙarfin ƙarfenta, da kuma ko jama'a da hukuma sun san hannun da take ciki. A kan waɗannan ukun ya kamata a auna saye da ƙira.

Haɗejiya tana zaune ne tsakanin manyan ƙasashe biyu da suka san bindiga tun da wuri. A gabas, Mai Idris Alooma na Barno ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa a ƙarshen ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. A yamma, kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an shigo da bindigogi daga ƙasar Nupe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Duk da wannan daɗewa, bindiga ta kasance abin fada, ƙalilan ce kuma mai tsada. Baturen nan Clapperton, da ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙi da Gobirawa a 1826, ya tarar da dubban mayaƙa amma bindigogin da ke hannunsu ba su wuce arba'in da 'yan kai ba. Ko Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato, ya fatattaki rundunar da aka tura masa a Gamon Kaffur a farkon shekarun 1850, ya kuma rasu a 1863 a yaƙin ƙasar Bade, ƙarfinsa a kan doki yake da mashi da takobi da 'yan baka. Maharbin fadama na wancan zamani kuwa da kwari da baka yake fita, da tarko da raga da karnuka. Waɗannan duk kayan gida ne, maƙerin unguwa ke yin kibiya, maharbi ya san dafinsa, ba ya jiran ayarin kowa.

Bindigar saye ta hanyoyi biyu take zuwa. Ɗaya ta hamada, daga Tarabulus zuwa Kukawa ko zuwa Zinder da Kano a bayan raƙuma. Ɗayar ta kudu, daga bakin teku zuwa Nupe, sannan ta hau arewa a hannun fatake. Yawancin bindigogin da aka yi ta jibge wa Afirka ta Yamma a ƙarni na 18 da na 19 an ƙera su ne a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam, kuma an yi su ne musamman don kasuwar Afirka: doguwar bindiga mai ƙanƙara, marar tsagi a cikin bututu, mai araha. Ya kamata mai ganin cewa duk abin da ya fito daga Turai ingantacce ne ya san cewa da yawa daga cikin waɗannan bindigogi ƙarfensu ba shi da kyau, kuma sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannun mai harbi. A Birmingham ɗin kanta sai a 1813 aka kafa gidan gwajin bututun bindiga da dokar majalisa, inda ake gwada kowane bututu da ƙarfin da ya wuce na harbin yau da kullum kafin a buga masa hatimi. Ban da matsalar inganci, wanda ya sayi bindiga ya sayi dogaro da wani. Albarushi mai kyau daga nesa yake zuwa, ƙanƙara tana cinyewa, ƙarfen da ke tayar da kunama yana karyewa, ƙota tana tsagewa. Bindigar da ta yi watanni tana ƙetare hamada ba za a mayar da ita ga wanda ya yi ta ba. A nan ne maƙerin Hausa ya fara sa hannu a harkar, da gyara ya soma, kuma daga gyaran ne ya koyi ƙirar.

Maƙwabciyar Haɗejiya ta arewa, Damagaram, ita ce ta kai wannan koyo matuƙa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya mulki Zinder har zuwa 1884, bai tsaya ga sayen bindigogi daga Tarabulus ba. Ya tara maƙera suna haɗa albarushi, suna zuba igwa da tagulla, suna gyara abin da ya lalace, har rahotannin matafiya na lokacin suka ba shi bindigogi kusan 6,000 da igwa kusan 40. Wannan ƙarfi ne ya sa Damagaram ta zama abin tsoro ga ƙasashen da ke kudu da ita. Rabeh, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa, shi ma ya riƙe masu gyaran bindiga da masu haɗa albarushi a cikin rundunarsa. Can yamma, maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigogin Faransa masu cin harsashi. Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan sarakuna da ya zaɓi saye kaɗai ko ƙira kaɗai. Sun saya inda hanya ta buɗe, sun ƙera inda ta toshe, kuma abin da ya ba su fifiko a kan maƙwabtansu shi ne maƙeran da ke tsaye a bayan bindigar, a ƙarƙashin idon sarki.

Sai dai Turai ta riga ta yanke shawarar iyakar da wannan ƙoƙari zai kai. A yarjejeniyar Brussels ta 1890, ƙasashen Turai sun amince su hana sayar wa 'yan Afirka bindigogi na zamani masu tsagi da masu cin harsashi a faɗin yankin da ya kama daga tsakiyar hamada zuwa kudancin nahiyar, suka bar ƙofa a buɗe ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. An ce don hana cinikin bayi aka yi, amma sakamakonsa a fagen fama a bayyane yake. An kama Samori a 1898, Faransawa sun shiga Zinder a 1899, an kashe Rabeh a Kusuri a 1900, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Haɗejiya ce ta jinkirta, har ranar 25 ga Afrilu, 1906, lokacin da rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta shiga garin da igwa da bindiga mai ruwa. Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya tsaya da mutanensa suka yi yaƙi a cikin gari har aka kashe shi tare da jarumai masu yawa. Wasu na ɗaukar wannan rana a matsayin hujjar cewa makamin gida ba shi da amfani. Hujjar ba ta tsaya ba, domin bindigar saye da aka yarda a sayar wa Haɗejiya ita ma ba za ta iya tsayawa gaban bindiga mai ruwa ba. Wanda ya sayar da makamin shi ne ya zaɓi irin wanda zai sayar, kuma ya ajiye mafi kyau don ranar da zai zo da kansa.

Bayan 1906 bindiga ta bar fagen yaƙi ta koma wurare biyu. Ɗaya shi ne fada, inda 'yan bindiga ke cika gari da ƙara da hayaƙi a hawan salla. Ɗayan shi ne daji da fadama. Dokokin makamai na mulkin mallaka sun bi sawun Brussels, bindiga mai cin harsashi sai da izini mai wuyar samu, ta ɗuri kuwa aka sassauta wa talaka. A daidai lokacin ne kuma sana'ar ƙira ta canja daga tushe. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kammala layin Nguru da ya ratsa Malam Madori a 1930, sannan motoci suka biyo baya. Ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka cika kasuwa, narkar da tama ta mutu a hankali, maƙera suka koma aiki da tsohon ƙarfe. Wanda ya taɓa zama a rumfar maƙera ya san yadda wurin yake: yaro a durƙushe yana zuga zugazugi, gawayi yana ja yana fari, maƙeri ya ciro ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, masaba na sauka, tartsatsi na tashi, ga fartanya da lauje da gatari a jere suna jiran masu su. Bindiga ɗaya ce daga cikin ayyukan wannan rumfa, kuma ba kowane maƙeri ke taɓa ta ba. Abu mafi wuya a cikinta shi ne bututu, kuma da tsohon bututu na injuna da motoci ya samu, ƙirar ta yi sauƙi ta yi araha. Daga wannan lokaci ne bindiga ta zama abin da manomi zai iya mallaka.

Dalilin da ya sa maharbin fadama ya riƙe ƙirar gida ya wuce araha. Ƙasar da kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala a kanta kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe ƙasa ce ta ruwa da ciyawa da tsuntsaye. Idan ruwa ya fara ja da kaka, dinya da kirinjijiya sukan cika tafkuna, agwagin ruwa masu ƙaura daga Turai su sauko su yi hunturu, a kan tudu kuma ga zabin daji da fakara da zomo da gada. Maharbi yakan fita tun da asuba, ya shiga ruwa har gwiwa ko ya kwanta a cikin kwalekwale, ya lallaɓa a bayan ciyawa har ya matso kusa, domin bindigarsa ba ta cin nesa kuma harbi ɗaya gare shi. Idan ya saki, garken ya tashi, sai ya zauna ya sake ɗuri. Wannan bindiga ta dace da aikin, ba ta bukatar harsashin kanti, kuma idan ta lalace wanda ya yi ta yana nan a kasuwar mako. Abu mafi muhimmanci shi ne ba a ɓoye take ba. Maƙera suna da sarkinsu, maharba suna da Sarkin Baka, kowannensu yana ƙarƙashin dagaci da hakimi har zuwa fada. Maƙeri ya san wanda ya yi wa aiki, ya san ubansa, ya san gidansu. Yaro ba ya ɗaukar bindiga sai ya bi manya ya koyi daji, ya san dabbar da ba a harbi da lokacin da ba a fita. Wannan tsari, ko da ba a rubuce yake ba, shi ne rajistar bindiga ta farko a ƙasar nan.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta san da wannan tarihi. Ta raba bindigogi gida uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta da kare kai masu cin harsashi, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, da na ɗuri ta baki, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su. Ta haramta ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba, amma ta bar hanyar da za a ba maƙeri izinin ƙera ta ɗuri da gyara ta da amincewar gwamnan jiha. Saboda haka mai sha'awar farauta ya sani sarai cewa haɗa wa kansa bindiga a ɗaki laifi ne mai kai mutum gidan yari, haka ma sayen ta kamfani a bayan fage. Matsalar ita ce hanyar izinin da doka ta tanada ta zama kamar babu ita a ƙauye. Maƙeri ba ya zuwa neman takarda don tsoron a kama shi, maharbi yana riƙe da katin ƙungiya yana zaton ya wadatar, hukuma kuma ba ta tuna su sai ranar kame. Abin da ke faruwa a fili a rumfar kasuwa ya koma bayan gida.

Akwai masu cewa a wannan zamani na 'yan bindiga da masu satar mutane bai kamata a yi maganar ba maƙeri izini ba, a rufe sana'ar baki ɗaya. Damuwarsu gaskiya ce, domin an sha kama masu ƙera bindigogi masu cin harsashi suna sayar wa ɓarayi, kuma waɗannan hukunci ya dace da su. Amma ƙasar nan ta shafe shekaru tana kame ba tare da ƙirar ta ƙare ba, tun daga garin Awka a kudu har arewa, saboda ilimin yana hannun mutane kuma ƙarfe yana kowace kasuwa. Abin da kame kaɗai ke yi shi ne ya kori maƙerin kirki daga aikin ya bar wanda ba ya tambayar mai saye ko wane ne. Makaman da suka addabi arewa kuwa mafi yawansu na yaƙi ne da suka ƙetaro iyaka ko suka ɓata daga rumbunan hukuma. Maharba masu adaka su ne suka taimaka wa sojoji a Adamawa a 2014 wajen korar Boko Haram. Kuma rashin takarda sananniya da kowa ya yarda da ita yana cin maharba kansu. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan arewa a Uromi ta jihar Edo, maharba ne masu komawa gida salla, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Babu abin da zai halatta wannan kisa, amma ya nuna irin haɗarin da mutum ke ciki idan sana'arsa ba ta da shaidar da ake ganewa daga wannan jiha zuwa waccan.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma masu kishin ƙirar gida ba su da ikon kau da kai daga gare shi. Bututun da aka yi don wani aiki ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin albarushi ba. Yana iya yin shekaru lafiya, tsatsa tana cinsa ta ciki, rana ɗaya ya tarwatse ya tafi da yatsu ko ido. Gwanintar maƙeri ba ta ganin abin da ke cikin ƙarfe. Amma maganin wannan sananne ne, kuma shi ne wanda Birmingham ta yi wa kanta a 1813 lokacin da nata bindigogin ke fashewa: gwaji da hatimi da lamba. Najeriya tana da Kamfanin Ƙera Makamai a Kaduna tun 1964, tana da cibiyar kula da ƙananan makamai ta ƙasa tun 2021, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta bukaci a yi rajistar masu ƙira na gida a kuma sa wa makamai alama. Ilimin gwajin yana nan, hurumin doka yana nan. Muddin ba a yi wannan ba, gaskiya ita ce bindigar kamfani mai lasisi ta fi aminci ga hannun mai ita, kuma wanda ke farauta don sha'awa ba shi da dalilin sa yatsunsa a caca.

Ƙorafi na uku na masu kishin tsuntsaye ne da namun daji. Fadamar ta ragu ƙwarai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki sun ci daji. Dajin Baturiya da ke wannan fadama ya shiga jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a 2008, kuma tun 1963 Arewa take da dokar kare namun daji. Duk wanda ke son farauta ta ɗore dole ya yarda cewa akwai wuraren da ba a shiga da lokutan da ba a harbi. Sai dai a nan ma tsohuwar bindiga mai harbi ɗaya ba ita ce babbar barazana ba, ƙarancin ruwa da sarar daji sun fi ta ɓarna, kuma bindiga mai sauri a hannun mai kuɗi tana kashe abin da adaka ba za ta kashe a mako ba. Maharbin da aka sani, mai lasisi, mai shugaba da za a iya kira, shi ne wanda za a iya ɗaure shi da ƙa'ida, har ya zama mai gadin dajin da ya fi kowa saninsa.

Saboda haka amsar da tarihin Haɗejiya ke ba mai sha'awar farauta a bayyane take. Kada ya haɗa bindiga da kansa, kada kuma ya saya a ɓoye, ko ta gida ce ko ta waje. Ya fara da Sarkin Baka na yankinsa ya koyi daji, ya nemi lasisi ta hanyar da doka ta tsara, sannan ya riƙi abin da aka gwada aka kuma rubuta sunansa a kai. Ga gwamnatin Jigawa da rundunar 'yan sanda da Masarautar Haɗejiya kuwa, aikin da ke gabansu shi ne su ƙidaya maƙeran bindigar ɗuri a ƙananan hukumomi takwas na masarautar ta hannun sarakunan sana'a, su ba waɗanda suka cancanta izinin da dokar 1959 ta tanada, su samar da wurin gwajin bututu da sa lamba, sannan su hukunta duk wanda ya ƙetare iyaka zuwa makamin yaƙi. Sarakunan da suka gabata sun riƙe maƙeri a kusa da su ne don su san abin da yake ƙerawa da wanda yake ƙera wa, kuma hukumar yau tana da ikon yin haka idan ta ga dama.